Na Samu Gurbi A Jami'a, Baba Ya Ce Nisa Ya Yi Yawa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 19, ni ce babba a cikin mu shida. A danginmu kaf babu wanda ya taɓa shiga jami'a. Bana na samu gurbin karatun injiniyan gine-gine da hanyoyi a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Ranar da na kai wa Baba takardar ya sa na karanta masa har sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaban rigarsa, bai ce komai ba. Bayan kwana uku ya ce nisa ya yi yawa, 'ya mace ba ta kwana inda ba a san kowa ba, in karatu nake so ga kwalejin horar da malamai nan kusa, in je in dawo gida kullum. Umma tana fama da hawan jini, ni ke riƙe da girki da ƙannena. Da na yi mata magana sai ta ce, "Abin da babanku ya ce." Gwaggo, yayar Baba, ta ce wannan aikin maza ne, kafin in gama shekara biyar sa'o'ina duk sun yi aure. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙanena mai bi na, wanda bai taɓa kamo ni a jarrabawa ba, har an fara tara masa kuɗi, shi kuma ba a ce nisa ba. Wani malaminmu ya ce zai biya min kuɗin rajista in tafi, daga baya za su haƙura. Saura mako biyar a rufe rajista. Ina son iyayena, ba na son fushinsu, amma in wannan dama ta wuce ban san yadda zan yafe ba. Wani lokaci kuma sai in ji kamar ni ce mai son kai, zan bar uwa ba lafiya in tafi. Me zan yi?

'Yarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam 'yata. Ina taya ki murna, domin daga wasiƙarki na lura har yanzu babu wanda ya zaunar da ke ya ce miki sannu da ƙoƙari. Yaron da iyayensa suka yi jami'a tun yana ƙarami yake jin zancen cike fom da zaɓen kwas, in ya rikice akwai mai ɗaga waya ya tambayar masa. Ke babu wanda ya share miki hanya. Kina girki, kina wanki, kina raino, kuma kika ci gurbin da da yawa suka nema suka rasa. Allah Ya sanya albarka.

Zancen son kai ki cire shi daga ranki. Mai son kai ba ta kwana tana tunanin wa zai ba uwarta magani. Wannan nauyi da kike ji a ƙirji, yawancin waɗanda suka zama na farko a gidansu wajen shiga jami'a sun san shi, ko a wace ƙasa suke. A 2012 wata mai bincike a Amurka, Nicole Stephens, ita da abokan aikinta sun wallafa abin da sababbin ɗalibai suka ce ya kawo su jami'a. Waɗanda iyayensu ba su yi digiri ba sun fi sauran cewa sun zo ne don su taimaki gida, su ɗaga sunan iyali, su zama abin koyi ga na baya. Ina kyautata zaton in aka tambaye ki, amsarki ke nan. Sai dai Baba bai ji wannan amsa daga bakinki ba tukuna. Abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne 'yarsa za ta tafi.

Mu daɗe kaɗan a kan Baba, don a hannunsa maganar take. Mutumin da ya sa aka karanta masa takarda sau biyu, ya adana ta a jikinsa, ya yi kwana uku bai ce uffan ba, bai raina abin da kika yi ba. Da bai damu ba, nan take zai miƙo miki abarki ya ce a'a. Kwana ukun nan auna abin yake yi, tsoro ya rinjaya. Kuma bai hana ki karatu ba, shi da bakinsa ya kawo zancen kwaleji. Akwai tambayoyin da bai furta ba: a ina za ki kwana, wa ke kulle ƙofa, in ciwo ya kama ki tsakar dare wa zai kai ki asibiti, me zai ce in mutane sun tambaye shi ina 'yarsa. Bai taɓa taka ƙafarsa cikin jami'a ba, duk abin da ya sani a kanta labari ne, labarin da ke yawo a bakin mutane kuwa na wadda ta lalace ne. Ɗimbin da suka yi karatunsu lafiya suka dawo da mutuncinsu babu mai zama ya ba da labarinsu. Sannan akwai wani tsoro da iyaye maza ba sa faɗa ko da wasa, wato kada ki dawo kin fi ƙarfinsa, kina magana da turancin da ba ya ji, kina jin kunyar gidan da ya raine ki.

Duk da haka ba zan kau da kai daga batun ƙaninki ba. A tara wa namiji kuɗin tafiya, a ce wa mace nisa, alhali ita ta fi ƙoƙari, wannan ba adalci ba ne, kuma kina da gaskiya da abin ya yi miki ciwo. Lissafin da ke bayansa tsoho ne, ana kuma yin sa a ƙasashe da yawa: abin da ɗa namiji ya samu gida zai dawo, na 'ya mace gidan wani za a kai. Lissafin ba ya fita daidai. George Psacharopoulos da Harry Patrinos sun tattara bincike daga ƙasashe 139, Bankin Duniya ya fitar a 2018, inda suka nuna kowace shekara guda ta ƙarin karatu tana ƙara wa mutum kusan kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu, kuma ribar ta fi yawa a wajen mata. Wannan matsakaici ne, bai nufin duk mai digiri aiki na jiransa, don haka kada ki yi wa Baba alkawarin abin da ba a hannunki yake ba. Ko ba alƙaluma ma, duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a asibiti ya ga wadda ta fi kwana a gefen gado. Amma ki kiyaye, ranar da za ki zauna da Baba kada ki ɗauko sunan ƙaninki. Da kin ce "shi fa?" zance ya tashi daga karatunki ya koma kan ko Baba ya yi zalunci, kuma da wuya uba ya sauko daga matsayinsa a daidai lokacin da 'yarsa ke tuhumarsa. Yaron ma ba shi da laifi, kuma za ki buƙace shi.

A sanina, gardama ba ta cika sauya ra'ayin iyaye ba, abin da suka gani da idonsu ne ke sauya shi. Wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, ya gwada haka a Indiya. Shekara uku ana aika masu ɗaukar ma'aikata zuwa wasu ƙauyuka da ke da ɗan nisa daga Delhi, suna bayyana irin aikin ofis da 'yan mata masu ilimin sakandare za su iya samu da yadda ake neman sa. Ba a raba wa kowa kuɗi ba. Sakamakon da ya wallafa a 2012 ya nuna cewa a ƙauyukan da aka je 'yan mata sun fi shiga kwasa-kwasan horo, an fi jinkirta aurensu, ƙananan ma an fi barin su a makaranta. Mutanen suna nan da al'adarsu, amma da suka ga inda karatun zai kai sai suka sake lissafi. Aikin da ke gabanki cikin makonni biyar ɗin nan ke nan: ki mai da jami'ar abin da Baba zai iya gani, ya yi wa tambaya, a ba shi amsa.

Ki fara da gurbin kansa. Ki nemi lambar ofishin rajista da ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ki tambayi mafi ƙarancin abin da za a biya a riƙe miki gurbi, ko ana ɗaga shi zuwa baɗi, kuma da wane sharaɗi. Jami'o'i da dama suna ɗagawa shekara guda in an nema a rubuce da dalili mai ƙarfi, wasu sai an yi rajista tukuna, wasu ba sa yi sam. Ki tambayi ɗakin kwanan mata: yana cikin makaranta ne, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ke kula da shi, akwai asibiti kusa? Ki tambayi tallafin karatu, domin a fannin injiniyanci akan samu wanda aka keɓe wa mata. Duk amsar da aka ba ki ki roƙa a turo miki a rubuce. Ina matsa miki a kan takardu ne saboda a nan ake yawan faɗuwa. A Amurka ma, Benjamin Castleman da Lindsay Page sun nuna cewa daga ɗaya zuwa huɗu cikin kowane goma na ɗaliban da suka gama sakandare da niyyar wucewa, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi, ba sa bayyana ranar buɗe makaranta. Fom da wa'adi da kuɗin da ba a yi tsammani ba su ke kayar da su a 'yan makonnin tsakani. Kada ku tsaya jan magana a gida har ranar rufewa ta yanke muku hukunci.

Sai Umma. "Abin da babanku ya ce" ba lallai shi ne abin da ke ranta ba. Ki same ta ku biyu lokacin da yara suka fita, kada ki tambaye ta ko ta yarda, ki tambaye ta me take tsoro in kin tafi. Ina zargin babban ƙullin maganar nan yana kicin. Kwalejin da za ki je ki dawo kullum tana nufin gida bai rasa hannunki ba, ko da babu wanda ya faɗa a fili. Gida mai 'ya'ya shida bai kamata ya rataya a wuyan yarinya ɗaya ba. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike yi daga asuba zuwa kwanciya, a gaban kowane aiki ki sa sunan wanda zai gaje shi. Ƙaninki yana da hannu biyu. Ya koyi ɗora tukunya, ya san sunan maganin Umma da lokacin shan sa, ya koyi ɗaura mata na'urar awon jini a damtse ya rubuta lambobin a littafi, a tafi da shi ranar ganin likita. Hawan jini ciwo ne da ake zaune da shi shekaru in ana shan magani kullum, ana rage gishiri, ana zuwa asibiti a kan lokaci. Tsari yake buƙata, kuma tsari ana iya koya wa wani. Ki fara tun wannan makon kina nan kina gyara musu, don Baba ya ga an ci abinci a kan lokaci ba tare da kin shiga kicin ba. In kina da ƙanwa, don Allah kada ki juye mata kayan gaba ɗaya, in ba haka ba nan da 'yan shekaru ita ce za ta rubuto min irin wannan wasiƙa.

Gwaggo tana da gaskiya a abu guda, mata ba su da yawa a wannan fanni. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya ce kashi 28 cikin 100 ne na masu kammala injiniyanci. Amma hakan fiye da ɗaya cikin huɗu ne, kuma a duniya gaba ɗaya yau mata sun fi maza yawa a manyan makarantu. Batun aure kuwa, ba ki ce akwai wani a ƙasa ba, don haka kada ki ja gardama a kan abin da bai zo ba. Ki ce mata ba ki ƙi aure ba, in mutumin kirki ya zo wanda ya yarda da karatunki za a yi magana a gaban manya. Yayar uba tana da kunnen ƙaninta, kada ki bari ta zama abokiyar gaba. Ki je har ɗakinta ki gaishe ta, ki nemi shawararta a kan yadda za ki tsare mutuncinki a can. Wanda aka nemi shawararsa a kan abu ba ya cika yaƙar abin.

Tayin malaminku kuwa, a yadda ya zo, ban yarda da shi ba. Mai yiwuwa alheri yake nufi, amma kuɗin rajista somin taɓi ne. Shekara biyar akwai ci da sha, littattafai, kuɗin mota, kuɗin makaranta na kowace shekara, ga karatu mai nauyi da ba ya yiwuwa da zuciya a rabe. Ki kuma tuna da mai hawan jini da za ta wayi gari ta ga shimfiɗarki babu kowa. Tafiya a ɓoye za ta tabbatar wa Baba duk abin da yake tsoro, ta kuma rufe ƙofa ga na bayanki. Sannan, 'yata, budurwa mai shekara 19 da wani namiji ke bin ta bashin asiri, wannan bashi yana iya zama igiya a wuyanta ko da ba a ƙulla shi da mugun nufi ba. In da gaske yake, ya zo gida da rana tsaka, ya gaida Baba, ya faɗa masa irin ƙwazonki, ya miƙa kuɗin a hannunsa. A haka tayinsa zai zama hujja mafi ƙarfi da kike da ita.

Ba ke kaɗai za ki tunkari Baba ba. Ki yi tunanin wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa. Wanda ya fi duka shi ne uba irinsa, wanda ya taɓa barin 'yarsa ta yi karatu a nesa ta dawo lafiya, domin shi zai amsa tambayoyin da Baba ba zai iya yi miki ba. In da hali, babban abin da za a roƙe shi shi ne ya raka ki ya ga wurin kafin ya yanke hukunci na ƙarshe. Gani ya kori ji. Ya tsaya a ƙofar ɗakin kwanan, ya ga mai gadi da littafin shiga da fita, ya gaisa da matar da ke kula da ɗalibai, ya karɓi lambarta ya sa a wayarsa. In akwai wani gida na mutunci a garin da danginku ko abokansa suka sani, a kai ki a gabatar da ke, ya san akwai wanda zai kira in wayarki ba ta shiga ba.

Ranar da za ki yi masa magana da kanki, ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, babu baƙi, babu yara. Ki fara da godiya a kan ɗawainiyar da ya yi har kika kai nan, domin gaskiya ce. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Baba, albarkarka nake nema, ba na son in taka ko'ina ba tare da ita ba. Ina roƙon ka faɗa min abin da kake tsoro ɗaya bayan ɗaya, in nemo amsarsa in kawo maka." Ki faɗa masa don me kike son karatun, da abin da kike fatan yi wa gidan da shi. Ki ajiye takardun a gabansa, ki kawo shawarar a gwada zangon farko kawai: waya kowace yamma, dawowa gida kowane hutu, sakamakon jarrabawa a hannunsa, in ya ga abin da bai gamsu da shi ba a sake zama. Ya fi sauƙi uba ya ce "to" ga wata huɗu a kan shekara biyar. Kada ki nemi amsa a wurin. Ki bar masa fili ya juya maganar har ta zama tasa, yadda in ya yarda zai faɗa wa mutane cewa shi ya yanke.

Yana iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ce a'a. Ba zan yaudare ki in ce duk ɗaya ne ba. Za ki yi asarar lokaci, kuma za ki yi kuka, ki yi abinki. In jami'ar ta yarda da ɗaga gurbi, kin samu shekara guda ta ci gaba da lallashi, gida kuma ya saba da sabon tsari. In ba ta yarda ba, ki bincika ko akwai kwalejin fasaha kusa da ke ba da difloma a wannan fanni, domin a ƙasashe da yawa mai difloma yana shiga digiri daga aji na gaba. In kwalejin malaman ce kaɗai, kada ki karɓi duk kwas ɗin da aka miƙo miki, ki zaɓi lissafi ko fiziks, su ne ginshiƙin injiniyanci kuma ba za su bar kanki ya yi sanyi ba. Karatu daga nesa, irin wanda buɗaɗɗiyar jami'ar Ingila da aka kafa a 1969 ta yi suna da shi, yana amfani ga fannoni da yawa, amma aikin gine-gine yana son ɗakin gwaji da fita fili, don haka ki tabbatar hukumar injiniyoyi ta amince da takardar kafin ki sa kuɗi. Duk wadda kika ɗauka, ki roƙi Baba a gaban wannan babban da ya shiga maganar cewa in kin yi ƙoƙari za a sake duba batun jami'a, a kuma faɗi lokaci.

Kin ce ba ki san yadda za ki yafe ba. Abin da ke sa yafiya ta yi wuya shi ne ciwon da aka haɗiye ba a faɗa ba. Ko da hukunci bai yi miki daɗi ba, ki samu rana guda ki gaya wa Baba cikin ladabi cewa kin bi maganarsa amma abin ya yi miki zafi ƙwarai. Ya kamata ya san nauyin abin da kika ajiye dominsa.

Abu guda ne zai sa in canza duk shawarar nan. In magana ta juya aka ce za a yi miki aure don a kashe zancen karatu, ko aka shiga tsoratarwa da duka, wannan wani babi ne daban. Ba a aurar da budurwa sai da yardarta, kuma a nan ba shiru za ki yi ba, ki kai maganar ga babban da kika amince da shi nan take. In ba haka ba, gobe da safe ki kira ofishin rajista, sannan ki sake rubuto min abin da suka ce a kan ɗaga gurbi da ɗakin kwana, domin matakin gaba ya dogara da amsarsu. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sanyaya zuciyar Baba.